Bayan An Sha Magani: Jawabi Ga Masu Jinya a Garuruwan Kan Iyaka

Iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa masu jinya a gida, da abokan aiki na ƙananan asibitocin karkara, ko kuwa likita kamar yadda ake kiran wurin a ɓangaren Nijar, ina gaishe ku da fatan alheri.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce ta cikin al'umma, na yi karatun jinya, kuma yawancin aikina bin marasa lafiya ne har gida bayan an sallame su. Maganata a yau ta shafi kwanakin da ke biyo bayan karɓar magani. Da yawanmu mun ɗauka cewa da zarar an rubuta magani, an saya, an haɗiye, to aiki ya ƙare, sai jiran sauƙi daga Allah. Sauƙi kam daga Allah yake, amma akwai sauran aiki a wuyanmu, wato lura da abin da maganin yake yi wa jikin majinyaci. Likita yana ganin mara lafiya na 'yan mintoci ne kawai. Ku ne kuke kwana da shi, kuke ba shi abinci, kuke zubar da fitsarinsa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da muke kira illar magani shi ne cutarwar da magani ya jawo ba da nufi ba, alhali an sha shi yadda aka umarta. Tana iya faruwa ko da maganin na ƙwarai ne, ko da wanda ya rubuta shi ƙwararre ne. Dalili kuwa shi ne magani yana bin jini ya zagaya jiki duka. Hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, ƙoda kuma ta fitar da shi, sannan jikin kowa da yadda yake karɓar baƙon abu. Ƙwayar da mutum ɗari suka sha lafiya tana iya tayar wa na ɗari da ɗaya ƙuraje. Jarirai, tsofaffi, masu juna biyu, masu ciwon hanta ko na ƙoda, da wanda ke shan magunguna da yawa a lokaci guda, su ne suka fi buƙatar a sa musu ido.

Lura tana farawa tun kafin a haɗiye ƙwaya ta farko. Idan ma'aikacin lafiya ya tambaye ku ko wani magani ya taɓa ɓata muku jiki, ku tsaya ku tuna da kyau kafin ku amsa. Ku faɗa masa idan akwai ciki ko ana shayarwa. Ku faɗa masa duk abin da ake sha, har da jiƙo da sassaƙe da abin da aka saya a kemis ko a tiren mai talla ranar kasuwa. Ba don ya yi muku faɗa yake tambaya ba, yana son ya san abin da zai haɗu da maganinsa a cikin hanta ɗaya. Ku ma a gida ku dubi idanun majinyaci, da fatarsa, da launin fitsarinsa tun ranar farko, domin wanda bai san yadda abu yake jiya ba, ba zai gane ya sauya yau ba.

Illolin magani sun kasu gida uku, kuma sanin gidan da kowace take shi ne rabin jinya. Zan yi misali da maganin tarin fuka, saboda ana shan sa na tsawon wata 6, kuma a cikinsa ana ganin duka ukun. A wata 2 na farko magunguna huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya: rifampisin, isoniyazid, pirazinamid da etambutol. A sauran wata 4 kuma biyun farko ne kawai.

Gida na farko shi ne abin da ke ba da tsoro amma ba ya cutarwa. Rifampisin yana mayar da fitsari ja-ja kamar ruwan goro, wani lokaci har gumi da hawaye. Launin maganin ne ke fita, ba jini ba ne, kuma a ci gaba da sha. Haka ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata a wurin awo takan mayar da bayan gida baƙi, Flagyl kuma yakan bar ɗanɗanon ƙarfe a baki. Mutane da yawa sun watsar da magani mai amfani saboda irin waɗannan, don kawai ba wanda ya gaya musu tun farko.

Gida na biyu shi ne abin da ke damun majinyaci, wanda ya kamata a kai wa ma'aikacin lafiya labarinsa cikin kwana ɗaya ko biyu, ba tare da an daina shan magani ba. Pirazinamid yakan sa ciwon gaɓoɓi. Isoniyazid yakan sa tafin ƙafa ya riƙa zafi ko tsira-tsira kamar ana soka ƙaya, kuma maganin wannan shi ne bitamin B6 da ake bayarwa a asibiti. Tashin zuciya mara tsanani yakan lafa idan aka ci ɗan abinci kaɗan tare da maganin ko aka mayar da shan sa lokacin kwanciya, bisa shawarar ma'aikaci. A cikin magungunan hawan jini ma, amlodifin yakan kumbura idon sawu, lisinofiril kuma yakan kawo busasshen tari wanda ba ya jin maganin tari. Duk waɗannan suna da gyara, ko a ƙara wani abu ko a sauya maganin da wani. Abin da ba shi da gyara cikin sauƙi shi ne mai tarin fuka ya ajiye maganinsa a wata na uku don gwiwa tana masa ciwo. Cutar takan dawo, wani lokaci ta dawo ba ta jin magungunan farko, ta kuma kama mutanen gida.

Gida na uku shi ne na haɗari, inda ake dakatar da magani nan take a nufi asibiti a ranar, ko da dare ne. Ku riƙe waɗannan alamu da kyau. Farin ido ya koma rawaya, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ga amai da ƙin abinci da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama: wannan shawara ce, alamar hanta ta jigata, kuma uku daga cikin magungunan tarin fuka huɗu suna iya jawo ta, musamman a watanni biyun farko, musamman kuma ga mai ciwon hanta tun da can ko mai shan giya. Gani ya dusashe, ko majinyaci ya kasa bambanta ja da kore: wannan aikin etambutol ne, kuma jinkiri yana iya jawo asarar gani. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari, tare da ciwon ciki da jiri, ga wanda ke shan diklofenak ko ibuprofen don ciwon jiki: jini ne ke zuba a ciki, kada a haɗa shi da baƙin da ƙwayar ƙarin jini ke kawowa. Fitsari ya ragu ƙwarai ko ya tsaya, majinyaci ya ruɗe, ko ya yi jijjiga: duka na gaggawa ne. Mai ciwon sukari kuwa da ke shan gilibenkilamid ko yake allurar insulin, idan ya kama gumi da karkarwa da ruɗewa, musamman in bai ci abinci ba ko yana azumi, sukarin jininsa ne ya faɗi. In yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari nan take sannan a kai shi asibiti. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki.

Abubuwa biyu a wannan gida na uku suna son ƙarin bayani, domin su ne suka fi saurin kisa, kuma su aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Na farko shi ne borin da jiki ke yi cikin mintoci bayan allura ko shan magani, wanda aka fi sani da penisilin da danginsa. Fuska da leɓe su kumbura, borin jini ya feso, numfashi ya sarƙe, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Maganinsa allurar adirinalin ce a cinya, kuma mintoci kaɗan ne ake da su. Shi ya sa idan nas ta ce ku zauna na ɗan lokaci bayan allura, ku zauna, kada ku ce mota za ta tashi. Shi ya sa kuma allurar da ake yi a rumfar kasuwa ko a zaure take da haɗari, domin mai yin ta ba shi da abin ceto idan jiki ya yi bori.

Na biyu shi ne ciwon fata mai tsanani da likitoci ke kira da sunan Stevens da Johnson. Shi ba ya zuwa a ranar farko. Yakan ɓullo ne bayan kwanaki kaɗan zuwa makonni da fara magani, lokacin da kowa ya manta da batun ƙwayar. Yana farawa da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da jan ido, sai ƙuraje masu zafi, sai baki da leɓe da al'aura su yi gyambo, fata ta riƙa saluɓewa kamar ta wanda wuta ta ƙona. Magungunan da aka fi sanin suna jawo shi sun haɗa da kotirimokzazol, da Fansidar, da nebirafin na masu cutar ƙanjamau, da wasu magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin da fenobabital. Sau da yawa akan ce ƙyanda ce, ko ƙarambau, ko sammu, a ci gaba da ba majinyaci maganin da ke ƙona shi, a kuma shafa masa toka ko garin magani a kan raunin. Ƙa'idar a taƙaice ita ce: duk ƙurajen da suka zo da zazzaɓi, ko suka taɓa baki ko ido, ga wanda ya fara sabon magani a cikin wata biyu da suka wuce, a dakatar da maganin, a lulluɓe shi da zane mai tsabta, a ba shi ruwa in yana iya sha, a kai shi babban asibiti. Ku sani kuma a baƙar fata ƙuraje ba sa yin ja yadda ake zana su a littafi. Sai an fito da majinyaci hasken rana, an shafa fatar da hannu, an buɗe leɓe an duba ciki.

Akwai kuma wata illa da ke tayar da hankalin gida duka: wuyan yaro ko matashi ya murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya fito, alhali yana cikin hayyacinsa. Maganin amai mai suna metokilofiramid yana jawo haka, amodiyakwin ma jefi-jefi. Kafin a ce iska ce, a tambaya me ya sha, a kai shi asibiti, domin akwai allurar da ke warware shi.

Yanzu bari in juya ga abin da ya shafi kusan kowane gida da damina, wato maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yin sa a ƙasashen Sahel a shekarar 2012, kuma Nijeriya da Nijar duka suna raba shi gida-gida ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59. A ranar farko ana ba yaro sulfadoksin-pirimetamin, wato irin Fansidar, tare da amodiyakwin a gaban mai rabawa, sannan uwa ta ba shi amodiyakwin a rana ta biyu da ta uku. Ana maimaitawa duk bayan kwana 28 har damina ta wuce. Binciken da aka dogara da shi ya nuna yana kare yara daga kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin, don haka alheri ne babba. Wasu yara sukan yi amai, ko ciwon ciki, ko kasala, ko ɗan ƙaiƙayi, kuma yawanci yakan wuce da kansa. Idan yaro ya amayar da maganin cikin minti 30, a sanar da mai rabawa don a sake ba shi. Yaran da ba a ba su ba su ne: wanda ba shi da lafiya a ranar, sai an gwada shi tukuna, wanda irin wannan magani ya taɓa tayar masa da ƙuraje ko kumburi, wanda ke shan kotirimokzazol, da wanda ya sha ɗaya daga cikin magungunan biyu a cikin makonni huɗu da suka wuce.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi shafar mu mazauna kan iyaka. Ranakun rabawa a ƙasashen biyu ba lallai su zo ɗaya ba. Yaron da aka ba magani a Jibiya, mako na gaba uwarsa ta tafi biki Ɗan Isa ko Maraɗi, yana iya tarar da masu rabawa a ƙofar gidan kakarsa. Haka tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, ko Maigatari da ƙauyukan Damagaram. Uwa, ki tafi da katin yaronki duk inda za ki, ki nuna shi kafin a ba shi komai.

Iyaka tana kawo wata matsalar kuma, ta sunaye. Magani ɗaya yana da suna a kantin Kano, yana da wani a kantin Yamai. Septrin da aka sani a Nijeriya shi ne Bactrim a Nijar, duka biyun kotirimokzazol ne. Wanda Septrin ya taɓa saluɓe masa baki, idan ya tsallaka aka rubuta masa Bactrim ya karɓa, ya koma wa abin da ya kusa kashe shi, kuma karo na biyu yakan fi na farko muni. Panadol da Doliprane da Efferalgan duka parasitamol ne, yana kuma cikin yawancin magungunan mura. Babba mai lafiya bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma wanda ya haɗa iri biyu ko uku yana zaton daban-daban ne, hantarsa ce za ta biya. A jikin kowane kwali, ƙarƙashin babban sunan kamfani, akwai ainihin sunan maganin da ƙananan baƙaƙe, kuma shi kusan ɗaya ne a Turanci da Faransanci. Shi za ku sa a karanta muku.

Saboda haka ina roƙon duk wanda magani ya taɓa yi wa mummunar illa ya sa ma'aikacin lafiya ya rubuta masa 'yar takarda mai ɗauke da ainihin sunan maganin, da abin da ya faru, da kwanan wata. A ajiye ta tare da katin shaida, a ɗauki hotonta a waya, a kuma sanar da mutum biyu a gida, domin ranar da za a buƙace ta wataƙila mai ita ba ya iya magana. Mai shan maganin tarin fuka, ko na ƙanjamau, ko na farfaɗiya, idan zai tafi cirani ko fatauci, ya sanar da asibitinsa tun da wuri a shirya masa takardar da zai nuna a can, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Mata masu shan maganin tarin fuka kuma su sani rifampisin yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a dantse, sai su nemi shawarar ungozomar asibiti a kan hanyar da ta dace da su har su gama.

Lurar yau da kullum ba ta da wuya. Kowace safiya, da hasken rana, ku dubi farin idon majinyaci, ku dubi cikin bakinsa, ku shafa fatar ƙirji da baya, ku ga launi da yawan fitsari, ku lura da yadda yake cin abinci da yadda yake amsa magana. Duk abin da ya sauya, ku riƙe ranar da ya fara. Mai boko ya rubuta da boko, mai ajami ya rubuta da ajami, wanda ba ya rubutu ya yi magana a wayarsa ya ajiye. Tambayar farko da za a yi muku a asibiti ita ce yaushe aka fara maganin, yaushe kuma alamar ta ɓullo, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna ko maganin ne. Ku zo da kwalin da ragowar ƙwayoyin, kada ku zubar don haushi.

Daga nan nauyi ya koma kanmu ma'aikata, wato kai rahoto. A ƙarshen shekarun 1950 an sayar da wani magani mai suna talidomaid a ƙasashe da dama, mata masu ciki suna shan sa don laulayi. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da dubu 10 da naƙasar hannuwa da ƙafafu, kowane likita yana ganin ɗaya ko biyu yana zaton tsautsayi ne. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin tattara rahotannin illar magani a 1968, wanda cibiyarsa take birnin Uppsala na ƙasar Suwidin. Nijeriya ta shiga a 2004, kuma hukumar NAFDAC tana da takarda mai launin rawaya da ake cikawa, da manhajar waya mai suna Med Safety. A Nijar rahoto yana bi ta hannun shugaban likitar gari zuwa gunduma har ma'aikatar lafiya. Mu ma mun ga irin wannan kusa da gida: a 2008 wani ruwan maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya kashe yara fiye da 80 a Nijeriya ta hanyar lalata musu ƙoda. An gano shi ne da likitoci suka lura yara masu tsayawar fitsari sun yi yawa, suka tambayi abin da aka ba su, suka kai rahoto.

Rahoto yana buƙatar abu huɗu kawai: wane ne majinyacin, wane magani, me ya faru, da wanda ya kawo labarin. Ba sai kun tabbata maganin ne ba, zato ya isa, masana ne za su tantance. Cika takardar ba amsa laifi ba ne. Kuma tun da kwalin da ake sayarwa a kasuwar wannan ɓangare shi ne gobe a ta wancan, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Idan kun ga abu a nan, ku sanar da takwarorinku na tsallake.

Abokan aiki, majinyacin da ya dawo ya ce magani bai karɓe shi ba, kada mu sallame shi da cewa ya yi haƙuri kawai. Mu zaunar da shi, mu auna zafin jikinsa da bugun jininsa, mu duba ido da baki da fata, mu rubuta. Wanda aka yi wa tsawa sau ɗaya ba ya sake faɗin gaskiya, sai dai ya ajiye maganin a ƙarƙashin katifa ya ce yana sha. Minti biyun da za mu ɗauka mu gaya masa abin da zai gani, da alamar da za ta sa ya dawo da gudu, sun fi masa amfani fiye da ƙarin wata ƙwaya.

Ku kuma iyaye da 'yan'uwa, kada tsoron illa ya hana ku shan maganin da aka rubuta muku, domin cutar da ake magani ta fi kashe mutane nesa ba kusa ba. Ku sha yadda aka ce, ku sa ido, ku tambaya, ku dawo da wuri idan kun ga alamar haɗari. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.